Hatiman Dalma a Gwangwanin Biskit

A shekarun da gwamnatin Ingila ta tsuke bakin aljihu, ni ma guguwar ta biyo ta kaina. Ina aiki ne a wata cibiyar yara ta unguwa a Longsight, cikin birnin Manchester, inda iyaye mata kan kawo ƙananan 'ya'yansu da safe mu karanta musu littafi, mu ba su madara da ayaba. Ba wani babban aiki ba ne, amma da shi muke rufa wa kanmu asiri, domin maigidana karatun digiri na uku yake yi, yaranmu biyu kuma suna firamare. Wata Juma'a aka tara mu a ɗakin wasa, muka zazzauna a kan 'yan kujerun nan na yara da gwiwar mutum ke kusan taɓa haɓarsa, wata mata ta karanta mana takarda cewa ƙarshen wata za a rufe wurin. Muka tashi muka ci gaba da kwashe kayan wasa.

Na yi wata biyu a gida. In na kai yara makaranta sai in biya ta kasuwa, in zaga ko ba abin da zan saya, in dawo in zauna bakin taga ina kallon bas-bas ɗin Stockport Road suna wucewa da mutanen da ke da wurin zuwa.

Ana haka waya ta shigo daga Birmingham. Wata baiwar Allah ce 'yar Jos da muka haɗu a wani bikin suna, ta girme ni nesa, Anti nake ce mata. Kirista ce da ba ta fashin coci, a unguwar Erdington take zaune, aikinta kula da tsofaffi a gidajensu.

"Ƙanwata, ba ke ce kika taɓa ce mini kin yi makaranta a Maraɗi ba?"

"Ni ce, Anti. Shekara huɗu na yi a gidan kawuna. Amma an daɗe."

"Faransancin yana nan ko ya gudu?"

"Yana nan dai, kamar tsohon zani a ƙasan akwati."

"To ɗauko shi ki kakkaɓe. Na samo miki aiki."

Ta yi mini bayani. Akwai wata tsohuwa a cikin waɗanda take kula da su, asalinta 'yar Faransa ce, ta auri Bature ɗan Birmingham tun tana budurwa. Mijin ya daɗe da rasuwa. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same ta, da ta farfaɗo sai Turancin da ta yi sama da rabin rayuwarta tana yi ya ɓace mata, harshen yarinta kaɗai ya rage. An sa ta a jerin masu jiran tafinta, jerin kuwa ba ya motsi. 'Yarta ɗaya tilo, ita kuma ba ta jin Faransanci, shi ne take neman wadda za ta riƙa zama da uwar kwana uku a mako.

Na gaya wa maigidana ina ɗar-ɗar, saboda nisa da kuma yara. Ya juya cokali a kofin shayi, ya ce, "Je ki gwada. Ni zan riƙa kai su makaranta in ɗauko su. Tuwo ne dai ban yi alkawari ba." Haka muka tsara: Litinin da safe in hau doguwar bas, in kwana biyu a ɗakin baƙi na gidan Anti, Laraba da yamma in dawo.

'Yar tsohuwar ce ta buɗe mini ƙofa ranar farko. Mace ce da ta haura hamsin, malamar makaranta, idanunta duk sun faɗa don gajiya. Tun a soro ta rage murya ta ce kada in sa rai da yawa, wata uku ke nan da aka sallamo uwar daga asibiti a Edgbaston, kuma ita dai tana jin tsoron har da hankalin ya taɓu. Ta kai ni falo. Tsohuwar na zaune bakin taga, 'yar ƙarama da ita, gashi fari fat, hannun dama a naɗe a kan cinya.

Na durƙusa kaɗan na gaishe ta yadda malamanmu na Maraɗi suka koya mana, na tambayi lafiyarta da ƙarfin jiki. Ta juyo a hankali. Ta dube ni tun daga hijabi har takalmi. Bakinta ya ɗan karkace, amma maganar ta fito tsaf.

"Wa ya koya miki magana? Kamar mai karanta labarai a rediyo."

Kafin in amsa ta ɗaga hannunta mai lafiya ta nuna kicin.

"Ki gaya wa 'yata, abin da take shafa mini a burodi ba man shanu ba ne. Wata uku ina faɗa."

Na juya na faɗa wa 'yar da Turanci. Ta tsaya baki buɗe, sai ta fashe da dariya, dariyar ta zarce da kuka, har sai da ta dafa bango. Madam, kamar yadda na riƙa kiran tsohuwar tun daga ranar, ta ci gaba da kallon titi kamar ba ita ta yi maganar ba.

Maganar man shanun nan ta tsaya mini a rai. Kakata ta wajen uwa, a wani ƙauye kusa da iyakar Nijar, sana'arta ke nan, kuma na taso ina kallonta tana kaɗa nono a gora har mai ya tashi. Da na koma Manchester sai na sayi kirim ɗin madara, na zuba a kwalba mai murfi, na zauna ina jijjigawa har kafaɗuna suka yi tsami. Ya tashi kuwa. Na wanke, na barbaɗa gishiri kaɗan, na dunƙula. Na kira 'yar na nemi izini, tunda likita ya ce a rage mata maiƙo. Ta ce in dai ɗan kaɗan ne ba komai.

Madam ba ta ci nan take ba. Ta sa na kawo shi kusa da hancinta ta shinshina. Ta karɓi cokali ta danna shi da bayansa, wasu 'yan ɗigon ruwa suka fito. Sannan ta lakata ta sa a harshe, ta rufe ido.

"Ba ki wanke shi sosai ba. Kwana uku zai fara tsami." Ta buɗe ido. "Amma hannunki ya san aikin. Hau sama, ƙarƙashin gadona akwai gwangwanin biskit. Sauko da shi."

Gwangwanin ya yi nauyin da ba na biskit ba. Da na buɗe sai na ga tarin ƙananan faya-fayan dalma, kowanne kamar babban maɓallin riga, sun yi toka-toka don tsufa, wasu da guntun igiya maƙale a jiki. A ƙarƙashinsu akwai wani ƙarfe mai kama da awartakin maƙera, da wani siririn ƙarfe dogo mai rami a tsaye kamar an tsaga kara biyu. Madam ta ɗauki ɗaya daga cikin faya-fayan ta sa mini a tafin hannu, ta ce in matsa kusa da haske. A jikinsa akwai hoton saniya, a bayansa haruffa biyu.

"Hatimi ne," in ji ta. "Na kakana. Bai iya rubuta sunansa ba har ya mutu. Wannan ne sa hannunsa."

Daga ranar, in na gama yi mata wanka da ba ta magani, sai mu baje hatiman a kan tire. Ba a jere ta ba ni labarin ba. Yau ta faro daga tsakiya, gobe ta koma farko, wani lokacin kalma ta maƙale mata ta yi ta bugun hannun kujera har sai ta fito. Ni ma Faransancina yakan gaza, sai mu haɗa da nuni. Na sayi littafin rubutu na riƙa juya abin da ta faɗa zuwa Turanci, ina ajiye kowane hatimi a kan takarda in zagaye shi da biro in rubuta labarinsa a gefe.

Kakanta ɗan ƙauye ne a arewacin Faransa, ƙasar ruwan sama da ciyawa. Ba shi da saniya ko ɗaya. Abin da yake da shi keken doki ne, da shi yake bin kasuwannin ƙauye yana sayen man shanu a hannun matan manoma. A gida matarsa ta haɗa, ta murza, ta sa gishiri, a zuba a kwanduna a ɗaure da igiya. A bakin igiyar ake zura dalma a matse da awartakin nan, hoton saniyar ya fito. Duk wanda ya karɓi kwando ya ga hatimin bai fashe ba, ya san ba a buɗe a hanya an cuɗa masa da wani abu ba.

"Sunan mijin ne a kan hatimi," in ji Madam, tana ɗaga siririn ƙarfen nan, "amma wannan na matar ne. Da shi take soka curin mai har ƙasa, ta zaro, ta shinshina, ta ɗanɗana. In ta girgiza kai ba a saye, ko matar hakimi ce ta kawo. Ita ce kamfanin. Shi direba ne."

Akwai wasu hatiman masu hoton jirgin ruwa. Waɗannan na lokacin da kasuwa ta buɗe ne, aka fara tsallakar da man zuwa Ingila, aka gina ɗakin aiki na dutse a bakin rafi, aka ɗauki mata ma'aikata. Akwai kuma guda ɗaya da aka naɗe daban a ƙyalle. Na duba na ce ai irin na farkon ne. Ta ce in ƙirga ƙafafun saniyar. Uku ne. Wani ɗan kasuwa ne ya kwaikwayi hatimin yana sayar da lalataccen mai da sunansu. Kakan bai kai ƙara ko'ina ba. Kasuwa-kasuwa ya riƙa bi da hatiman biyu a aljihu, yana nuna wa masu shaguna yana cewa su dai su ƙirga ƙafa. Shekara ba ta zagayo ba mutumin ya bar sana'ar.

Na ba ta labarin kakata. Ƙwaryarta tana da zane na wuta a baki, layi uku da ɗigo. In ba ta da lafiya takan ba maƙwabciya ta kai mata kasuwa, kuma mutane na ganin zanen suke saye ba tare da sun ɗanɗana ba. Madam ta dube ni ta ce, "Ashe 'yar gida ce ke." Tun daga nan ta daina gyara mini Faransanci, sai in kuskuren ya yi muni.

Labarin yaƙin duniya na biyu shi ne ta fi jinkirin bayarwa. Tana budurwa lokacin, mahaifinta ne ke riƙe da sana'ar. Aka kwashe shanun yankin, waɗanda suka rage wuta ta ci su, ɗakin aikin ma rufinsa ya rufta. Da ƙura ta lafa mahaifinta ya yi kwanaki yana tonon ɓaraguzai da hannu, mutane suna cewa ya zautu, har ya zaro awartakin. Da matan manoma 'yan ƙalilan da suka sake samun saniya ɗaya ko biyu ya tayar da sana'ar, ita kuma aka miƙa mata siririn ƙarfen kakarta, domin ita ta gaji hancin. A lokacin ne ta haɗu da wani sojan Ingila mai gyaran motoci, ta biyo shi Birmingham. Bayan rasuwar mahaifin, manyan kamfanoni masu tankokin mota suka mamaye harkar madara, yayanta ya sayar musu da komai har da sunan. Abin da ya aiko mata da shi wannan gwangwanin ne. Ta yi fushi, ta tura shi ƙarƙashin gado, ba ta sake yi masa magana ba sai da ya kwanta ciwon ajali.

Wata Laraba 'yar ta dawo daga makaranta da wuri ta tarar da mu muna dariya a kan saniya mai ƙafa uku. Ta tsaya a bakin ƙofa da jaka a kafaɗa. Na ga fuskarta ta canza.

"Mene ne waɗannan?" ta tambaye ni. "Na ɗauka ƙarafan kamun kifin babana ne. Saura kaɗan in zubar da su."

Na miƙa mata littafin. Ta zauna a hannun kujera tana karantawa, shafi bayan shafi, ba ta ko cire kwat ba. Da ta kai ƙarshe ta rufe, ta ce ba tare da ta dube ni ba, "Tambaye ta me ya sa ba ta taɓa gaya mini ba. Me ya sa ba ta koya mini harshenta ba."

A tarbiyyarmu 'ya ba ta tuhumar uwa haka, kuma na so in sassauta maganar in mayar da ita roƙo. Sai na tuna abin da Anti ta taɓa ce mini muna cin abinci: "Ƙanwata, ke gada ce. Gada ba ta zaɓar wanda zai tsallaka." Na faɗa wa Madam yadda aka faɗa.

Madam ta fara magana a hankali, tana tsayawa in juya, idonta a kan 'yar ba a kaina ba. Ta ce da farko ta koya mata, har waƙoƙi suna yi tare. Sai wata rana yarinyar ta dawo daga makaranta tana kuka, yaran unguwa sun yi ta kwaikwayon maganarta. Uwar mijinta kuma ta ce ga abin da ta daɗe tana faɗa. Daga ranar Madam ta daina yi wa yarinyar Faransanci. Bayan an sayar da sana'ar kuwa, ba ta ga abin da ya rage da za ta ba da labarinsa ba.

"Na ɗauka gata na yi miki," ta ce. "Na yi kuskure."

Na juya wannan ma. 'Yar ta sauko daga hannun kujera ta durƙusa a gaban uwar, ta ɗora kai a cinyarta. Na tashi na shiga kicin na ɗora ruwan shayi, na daɗe ban fito ba.

A bas ɗin komawa ranar ban yi gyangyaɗi ba kamar kullum. Ina shiga gida 'yata ta tare ni da Turancinta na 'yan Manchester tana tambayar me za a ci. Na ce, "Faɗa da Hausa." Ta dube ni kamar na ce ta ɗauki gidan a ka. Ubanta ya yi dariya ya ce, "Yau kuma wace doka aka zo mana da ita daga Birmingham?" Amma ya goya mini baya. Muka mayar da lokacin cin abinci na Hausa zalla. Da farko shiru ya yi yawa a teburin, daga baya yunwa da son surutu suka yi aikinsu.

A gidan Madam ma abubuwa suka sauya. 'Yar ta shiga ajin koyon Faransanci na yamma, takan zo da jimlolinta a rubuce ta karanta wa uwar, uwar ta gyara ba sassauci. Turancin Madam ya fara dawowa kaɗan-kaɗan, mafi yawa in tana faɗa. Da aka koma asibiti ganin mai koyar da magana, 'yar ta roƙe ni in raka su. Bayan an gama matar ta tsayar da ni a ƙofa ta tambaye ni a ina na koyi aikin tafinta. Na ce ban koya ba. Ta rubuta mini sunan wani kwas a takarda ta ce ana neman irina, musamman da yake ina da harsuna uku.

Na yi kusan shekara ina wannan zirga-zirga. Daga baya aka rage sa'o'in kula da tsofaffi, aka ga Madam ba za ta iya zama ita kaɗai ba, 'yar ta gyara mata ɗaki a hawan ƙasa na nata gidan. Aikina ya ƙare ke nan. Ranar sallama Madam ta sa aka huda gefen littafin aka zura igiya. A ƙasan gwangwanin akwai 'yan faya-fayan dalma da ba a taɓa bugawa ba. Ta zura bakin igiyar a ɗaya, ta sa a bakin awartakin, amma hannu ɗaya ba zai iya matsawa ba. 'Yar ta ɗora nata, ni ma na ɗora nawa. Ƙarfen ya yi ƙara don tsatsa. Da muka buɗe, saniyar ta fito a ɗan karkace.

"Da kakata ce da ta mayar da shi," in ji Madam. "Amma a bar shi."

Na yi kwas ɗin a Manchester, kwana biyu a mako, na ci jarrabawa a zama na biyu. Da bazara ta zo 'yar ta kira ni daga Faransa, iska na kaɗawa a cikin wayar. Ta ce ta sami ɗakin aikin, yanzu garejin gyaran motoci ne, rafin yana nan. Ta kuma sami wata dattijuwa a ƙauyen da ta ce mahaifiyarta na cikin matan da suka kawo mai bayan yaƙi, kuma har yanzu ana ba da labarin budurwar da ke mayar da mai ko na wane ne. "Da Faransanci muka yi hirar," ta ce. "Rabi na gane. Amma na gane."

Aikina na farko da takardar shaida a wani ƙaramin asibitin unguwa ne a Longsight, tafiyar minti goma daga gida. Wata matashiya ce 'yar Damagaram mai tsohon ciki, ba ta daɗe da zuwa ƙasar ba, tana zaune a takure tana murza bakin mayafinta. An rubuta a takarda cewa Faransanci take ji. Na zauna kusa da ita na ce, "Sannu ƙanwata, yaya nauyin jiki?" Ta ɗago da sauri ta kama hannuna da hannu biyu. Ungozoma ta jawo kujera ta buɗe fayil, muka fara.